Jaka da Barewa

Shekara ashirin da shida makullin ɗakin makamai na hannuna,
a kwamisariyar da ke fuskantar duwatsun Birni.
Warin mai ya shige faratuna, har yau sabulu bai fid da shi ba.

Gida ɗaya ya ƙera su, hatimi ɗaya a kwiɓinsu,
amma ciki ɗaya ba hali ɗaya ba ne.

Babbar muka sa wa suna Jaka.
Ƙarfe zalla, baƙa, ba kyan gani.
Rataya ta da asuba, kafin azahar ƙugunka ya san da ita.
Kunamarta sai ka ja kamar guga a rijiyar rani.
Amma yar da ita cikin rairayi,
bar ta wata uku ba tsumma ba mai,
ɗauko, hure, ɗana:
za ta amsa.
Ban taɓa jin ta ce wa kowa sai gobe ba.

Ƙaramar ta zo daga baya, a akwati mai soso.
Barewa.
Rabinta roba, ba ta fi salula biyu nauyi ba,
goma sha biyar take ci, Jaka takwas.
A filin bara, can hanyar Mirya,
ita ke huda gwangwanin tumatir daga taku talatin.
Samari har cacar baki suke a kanta.
Sai dai 'yar gata ce:
ƙwayar yashi ɗaya ta ɓata mata rai,
harsashin da ya sha damina ba ta haɗiye shi,
ta cije, ta yi gum, ta bar ka tsaye.

Akwai ta uku, Gajera, ta aljihun manya.
Ba ni da shaida a kanta. Tsatsa kaɗai na ga ta kashe.

Na ce wa Tanimun, ɗauki Jaka.
Ya yi dariya, ya ce, Baba Manzo, zamani ya wuce ka.
Ya sa hannu a rajista, ya fita da Barewa.

Shekarar da famfo ke yin magana sai uku na dare ke nan,
ɓarayin babur sun hana Garin Malam barci.
A bakin wani lungu inuwa ta taso, da abu a kafaɗa.
Tsaya! Ba ta tsaya ba.
Tsaya! Ta ƙara sauri.
Ya ja.

Ƙyas.

Ya sake ja. Ƙyas.

Da aka haska tocila, Kyari ne, kurma mai ga-ruwa,
sanda a wuya, jarka biyu na lilo,
yana hanzarin kama layi.
Har murmushi ya yi musu, ya ɗaga hannu.

Da safe Tanimun ya aje ta a teburina,
yatsunsa na kaɗawa kamar ganyen bedi.
Na warware ta. Can a maƙogwaro,
ƙwaya ɗaya, ba ta kai riɗi ba.
Ya ce, da Jaka ce fa...
Ba wanda ya ƙarasa.

Wata biyu bayan haka kwamishina ya nemi takarda:
wacce ce abin dogaro, wacce za a ƙaro?
Na kwana uku biro na bayan kunnena.
Na rubuta abin da na sani:
Jaka ba ta ƙi.
Barewa na ƙi sau ɗaya cikin arba'in.
Na sa hannu. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya,
amma takardar ba ta da layin da zan sa Kyari.

Ƙwayar na naɗe a takardar sukari,
tana cikin gidan ashana, ƙarƙashin katifata.

Yanzu na yi ritaya, ina Zango, ina kiwon tantabaru.
Kullum da hantsi Kyari na kawo min jarka biyu.
Ina ba shi kuɗin uku.
Yana nuna min da yatsu, yana girgiza kai.
A ganinsa tsohon ya manta lissafi.