Turke Arba'in da Ɗaya

A Two Rivers, bayan Fairbanks, inda kwalta ke gajiya ta tsaya,
Marlys Tollefsen ta kira ni da asuba,
asubar agogo, don rana a nan sai ta ga dama take leƙowa.
Likitan dabbobi ne ni. Na san abin da na sa a jaka.

Tsakar gidanta turaku ne, arba'in da ɗaya,
kowanne da akurkin katako, da suna a goshinsa.
Arba'in sun yi shiru,
sarƙoƙinsu sun daskare yadda aka yar da su.
Ɗaya ke fitar da tururin numfashi.

"Tansy ke nan," in ji ta. "Shekara sha shida.
Na karɓi haihuwarta, da ta uwarta,
da ta kakar kakarta, a cikin kwalin lemo, bayan murhu."
Ta miƙo littafi mai maiƙon kifi:
wa ya haifi wa, wa ke cin abinci ko ana iska,
wa ke da dagi mai tauri, wa ke waiwaye.
"Mai waiwaye ba ya jagora.
Sai ka ba wa yara shi, su so shi."

Yatsunta takwas da rabi.
Sauran suna kan kogin Yukon, ta ce, ba ta koma nema ba.
Da waɗannan ta ɗinka safar karnuka dubu nawa,
ta sara daskararren kifi da gatari ƙarfe huɗu na dare,
ta dama da kitse, kowa da kwanonsa,
kafin ita ta kurɓi ko ruwan zafi.
Mijin ya ce, ko ni ko su.
Ta ce ya ja ƙofar da kyau, akwai sanyi.

Tseren mil dubu, sau goma sha tara.
Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Ta bakwai, sau guda,
kuɗin ya ƙare a buhunan abinci kafin ƙanƙara ta narke.

Amalankensu ba taya, ba linzami, ba bulala.
Baki ne kawai: ji, dama; ho, hagu.
Na yi dariya, na ce a harshenmu ma ji shi ne ji.
"To wani dare na ce ji, ta ƙi ji.
Na ce ji har muryata ta dushe,
ta ja 'yan'uwanta sha ɗaya hagu, ina zaginta.
Da gari ya waye na ga daman:
baƙin ruwa, buɗe, yana hayaƙi.
Tun ranar nake tambaya, ban ƙara ba da umarni ba."

Ni da na tashi ina jifan karnuka a bayan makaranta,
ga ni durƙushe cikin bambaro,
ina neman jijiya a ƙafar da ta fi ni sanin hanya.

"Dakata."
Ta shiga ɗaki, ta fito da ragamar ja,
shuɗiya, duk ta kode,
ta zura mata a wuya, ta ɗaga dagi ɗaya, ta ɗaga ɗayan.
Tsohuwar karya ta miƙe kunne,
ta jingina ƙirji gaba, kamar akwai nauyi a baya.
Marlys ta koma bayanta ta tsaya, inda ta saba tsayawa.
Ta gyaɗa mini kai.
Ta ce, a hankali, "Mu je."

Can ƙetaren kurmi karnukan maƙwabta suka ɗauki kuka,
suka yanke tare, kamar an hura fitila.

Ta ba ni shayi a kofin gwangwani.
Ta dubi agogo: lokacin dama abinci.
Har ta kai hannu ga gatarin.