Lamba Ashirin da Bakwai

Da jan zare aka ɗinka mini ita a wuyan riga:
ashirin da bakwai.
Ambrose kuwa ashirin da takwas,
sai na zaci ba mai raba mu.
Wa ya taɓa tsallake lamba a ƙidaya?

Da asuba muka baro New York.
Kwana uku jirgin ƙasa yana tauna ƙarfe,
tokar gawayi na shigowa ta taga, tana sauka a gashin ido.
Malama Pruitt ta raba burodi da tuffa,
ta ce kada wanda ya sake ambaton layinsu,
wai jiya kaya ce mai nauyi, a bar ta a tasha.
Ambrose ya yi barci a cinyata, baki buɗe,
haƙorinsa na gaba yana lilo, ya ƙi faɗuwa.

A Clarinda, can Iowa, aka jera mu kan dandamali,
jan labule a bayanmu, gari duk ya fito kallo.
Wani manomi ya matsa damtsena kamar mai tayin maraƙi,
ya cusa mini yatsa a baki, yatsa mai warin taba.
Na cije shi.
Ya yi dariya, ya ce wannan za ta yi aiki.
Matarsa ta dubi Ambrose, ta dubi mijin.
Ya ce baki guda suka zo nema, ba biyu ba.

Ban yi kuka ba. Na ce je ka, gobe ina tafe.
Ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan kyau ba.
Ya fizge haƙorin da kansa, ya danƙa mini,
jini kaɗan a leɓensa,
ya ce riƙe mini, kar ya ɓata.
Jirgi ya ja shi yamma, inda masara ke haɗiye rana.

Suka kira ni Hattie. Sunana Honora.
Ba zan ce sun cuce ni ba: na sami takalmi,
na tatsi shanu tara, na koyi karatu lokacin ƙanƙara.
Wasiƙa goma sha ɗaya na aika ofishinsu,
amsa ɗaya ta dawo:
an sauya wa yaron gida, ba a rubuta ina ba.

Yau jikokina na yi mini tsiya
kan gwangwanin maɓallan da ba na bari a taɓa.
In jirgin dare ya yi kuka bayan rumbun hatsi
nakan ƙirga a zuci, kamar mai lallashin barci,
in kai ashirin da bakwai,
in tsaya,
in kasa kunne.