Takardar Ƙofar Kanti

Shekarar da aka haifi Alvina aka kafa takardar
a ƙofar kanti, da ƙusa huɗu:
a tafasa ruwa kafin a sha.
Cewa suka yi na mako biyu ne.
Sau uku ƙusoshin suna tsatsa ana sakewa.
Yau Alvina da goyonta.

Ga tafki kwance a bakin ƙofarmu,
ido kan gaji bai kai gaɓarsa ba.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.
Kaka Wilfred ya ce a zamaninsu
daga cikin kwalekwale kake miƙa tafin hannu ka sha,
kifi na kallonka, kana kallonsa.

Yanzu famfo tari yake fara yi,
sannan ya tofo wani abu
mai kalar shayin da ya kwana a kofi.

Jirgin sama kan zo Talata, in iska ta yarda,
da ruwan gora daga kudu.
Gida mai mutum tara, ƙunshi huɗu.
Alvina na yi wa ɗanta wanka tana ƙirge:
gora ɗaya ta kai, biyu ta jiki,
rabi ta ƙurajen bayan gwiwa,
sauran rabin ta mayar da murfi.

Kornelius ne kaɗai a gidan tace ruwa,
shi ne na dare, shi ne na rana.
Wasiƙa goma sha ɗaya ya aika Ottawa
kan ƙarfe guda da ya karye.
Amsa ta zo, da kyakkyawan hatimi:
ana duba lamarin.

Da naƙuda ta kai ta asibitin Winnipeg,
wata nas ta murɗa famfo, ta cika kofi,
ta miƙa mata haka kawai, tana wata hirar.
Alvina ta riƙe.
Idonta na yawo a ɗakin, yana neman tukunya da wuta.
Har ruwan ya ɗumama a hannunta
ba ta kai shi baki ba.

Da hunturu Kaka kan dogara sanda ya hau ƙanƙara,
ya fasa rami, ya zuba ɗan garin taba,
ya sunkuya kamar mai gaida mara lafiya.
Na taɓa bin sa.
Na ji yana ce wa ruwan:
ba kai ne ka canza mana ba,
mun sani.