Mai Goge Gumin Ransome

Shekara goma sha takwas ina durƙushe a gindin kwando,
tsumma a hannu, kunne na jiran usur.
Sunana Hollis. Ba a taɓa buga shi a bayan riga ba.
Amma duk gumin da Ozell Ransome ya zubar a Detroit,
ni na kwashe shi daga kan katako.

Na san shi tun yana kamar sillen kara,
ɗan mai wankin motocin bas daga titin Dexter.
Daren farko ya jefa bakwai, bakwai suka ƙi shiga.
Jama'a suka yi masa ature da baki.
Ya tsaya a kaina yana haki, ya ce,
"Tsoho, goge nan da kyau, gobe ma nan zan tsaya."
Ni kuwa ko talatin ban cika ba.

Gari ya waye, ya tsaya.

Ku da kuke benen sama, tashinsa kuka gani.
Ni daga ƙasa tafin takalminsa nake gani,
ina ƙirga: ɗaya, biyu,
kowa ya sauko, shi bai gama shawara da iska ba.
Raga ta ce cas, zauren ya tsage,
har ƙarfen da ke riƙe da rufi sai ya amsa.

Shekarar da aka garƙame masana'antar motoci,
maza suka koma gida da hannu a aljihu,
shi ne abin da ya rage ana faɗa da ƙarfi a shagon aski.
Ya naɗe safar hagu, gari duk ya naɗe.
Yana shafa kunne kafin jifa,
sai ga yara a cikin dusar ƙanƙara
suna shafa kunne da yatsun da sanyi ya ƙandare.
Wasiƙu daga Manila, wasiƙu daga Kaunas,
har fasto Gaines ya sa shi a wa'azi, bisa batun haƙuri.

Ba zan ɓoye ba:
takalmin da ke ɗauke da sunansa ya fi albashina na mako.
An tare ɗan maƙwabciyata Verlene saboda shi,
ya dawo gida da safa kaɗai, da haƙori biyu a hannu.
Ransome ya ji, ya aiko da sabo.
Haƙori dai ba a aiko shi a kwali.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa matata ba.
Daren da gwiwarsa ta karye, saura minti huɗu,
na ga ɗigon a gefen layi, bai fi faɗin kwabo ba.
Na ɗaga ƙafa zan shiga, usur ya riga ni.
Na ce bari su dawo.
Suka dawo.

Ƙarar kamar an taka busasshen reshe.
Mutum dubu ashirin, amma ina jin kukan fitilu.

Ranar da aka ɗaga rigarsa zuwa rufi
ya zo yana ɗingishi cikin kwat mai ruwan toka,
ya wuce masu kuɗi, ya wuce masu kyamara,
ya kama wuyana. Na buɗe baki.
Ya ce, "Na gan shi, tsoho. Ni ma na gan shi.
Na ɗauka zan tsallake."

Yanzu da gaske na tsufa.
Jiya a filin bayan cocinmu, kwandon ko raga babu,
wata 'yar yarinya ta shafa kunne, ta jefa.
Na ce, wa ya koya miki?
Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya koya mata atishawa.
Ta ce, "Ai haka ake yi."

An yi yayyafi da safe, simintin bai gama bushewa ba.
Na ciro hankicina, na lallaɓa na durƙusa.