Raƙumin da Ba Ya Durƙusawa

Tabawa ta dawo daga lekol da tambaya a baki,
ko takalmi ba ta cire ba:
"Baba, malam ya ce wai raƙumin ruwa.
Ina ƙafarsa? Wa ke riƙe masa akala?"

Na ajiye kabar da nake tufka.
Igiya nake sayarwa a kasuwar Bulangwa,
ta guga, ta turke, ta shanya,
da ta leda shuɗiya da ke zuwa daga Kuseri.
Shekara goma sha ɗaya rabona da filafili.

Na ce, zauna.
Kakanki da raƙuma ya gangaro daga Kanem,
kanwa a bayansu, ƙishi a wuyansa.
Ya iske tafki ran da iska ta tashi,
ya ga tozo na bin tozo,
ayari ba madugu, kumfa a baki,
sai ya kira su da sunan abin da ya sani.
Ba a raɗa wa baƙo suna
sai da kalmar da aka taho da ita daga gida.

Ta ce, "Ai Inna taguwa take cewa."
Ita ma ba ta yi ƙarya ba.
Taguwa matar raƙumi ce,
taguwa ce kuma wannan da ke wuyana,
wadda ta ɗinke wa hammata sau uku.
Je ki bakin Shari da hantsi,
ki ga ruwa sanye da riga marar guga.

"Kai fa, Baba?"
Na ce, ni igiya nake ce mata.
Ta yi dariya, wai mai igiya ba ya ganin komai sai hajarsa.

Sauran ban faɗa mata ba.
Wata Laraba ce, mun doshi Darak,
kwalekwale cike da banda da buhu bakwai na masara,
ni a goshi, ƙanena Jatau a baya da gora.
Ta farko ta wuce ƙarƙashinmu kamar gaisuwa.
Ta biyu ta tambayi nauyinmu.
Ta uku ba ta yi tambaya ba.
Na hango hannunsa a sama yana kaɗawa,
har yau ban sani ba
ko kira ne ko sallama.
Motsin ɗaya ne:
shi ake yi wa mai zuwa,
shi ake yi wa motar da ta ɗaga,
shi mai nitsewa ke yi.
Na tufka igiya ta fi dubu tun daga ranar,
babu wadda ta kai tsawon nan.

A rumfar kusa, Adum na murɗa rediyonsa,
yana farautar murya a gajeren zango.
Zango! Ashe raƙuman nan sun biyo mu
har cikin akwati sun sauke kaya.
Murya takan zo, ta janye, ta sake zuwa,
kamar ruwa na lasar gaɓa.

Yanzu tafkin ya ja da baya.
An ce inda muka kife, wake ake shukawa.
Ban je na gani ba.

Tabawa ta zaro sabuwar igiya daga rataye,
ta danƙa mini baki ɗaya,
ta ja da baya har bakin rumfar mai gishiri.
"Riƙe da kyau, haka malam ya nuna mana."
Ta kaɗa hannu sau ɗaya.
Wani ɗan tozo ya taso daga wajenta,
ya sheƙo a guje bisa igiyar,
ya zo ya bugi tafina.

"Ka gani? Igiyar ba ta je ko'ina ba.
Abin da ke cikinta ne ya zo."

Na ce, sake.
Ta sake.
Ban saki ba har aka kira la'asar.