Abin da Ban Sa a Takarda Ba

Ni ne mai rubuta abin da aka ce.
Kujerata na can ƙarshen zaure, ƙarƙashin fanka mai tari.
Ba ni da ƙuri'a, ba ni da baki,
sai biro da kunne biyu.

Ran Talata aka shimfiɗa kasafin jiha bisa tebur,
zane ne da ya yi wa mai shi kaɗan:
a rufe kai, ƙafa ta leƙo.

Hajiya Barira ta Madarunfa ta fara.
Bas shida take so, da rumfunan jira,
daga Jiratawa zuwa babbar kasuwa,
daga Tibiri zuwa ƙofar asibiti.
Ta ce, "Ku tashi da asuba ku ga matan zogale,
kwando a ka, goyo a baya.
Rabin ribar na ƙarewa a tankin babur
tun ganyen bai ga mai saye ba."
Na rubuta. Hannuna ya ɗan yi rawa,
don ɗaya cikin kwandunan nan na innata ne.

Sai Nomau Ɗan Jimo, mutumin Dakoro,
ya miƙe bai jira a kira sunansa ba.
"Bas? Mu da rijiyarmu gaba arba'in,
jaki na jan guga har ya ɓace ma gani?
Ku ba mu ruwa tukuna, sa'annan a yi zancen tahiya.
Mai ƙishirwa ina za shi?"
Na rubuta wannan ma.
Na duba, ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Wani ya ce gadar gulbi.
Wani ya ce yaran ƙauyensu har yau a rumfar kara suke karatu.
Shugaban 'yan kabu-kabu, da aka ba minti biyu, ya cinye bakwai:
in bas ta zo, samarinsa su ci me?
Ma'aji ya cire tabarau ya goge da bakin riga,
ya karanto lambobi a hankali kamar mai sanar da rasuwa.
Bas, in ji shi, ba a sayenta sau ɗaya.
Tana shan mai, tana cin taya,
kuma ba ta rabuwa da bakanike.

Wuta ta ɗauke. Fanka ta bar tari.
Cikin zufa aka ɗaga hannuwa, aka yi kunnen doki.
Shugaba ya dubi agogo, la'asar na neman kufcewa,
ya ce a kafa kwamiti.
Na rubuta: an ɗage.
Duk yinin nan ba abin da ya kai su sauƙin rubutu.

Motocin manya suka fice, gilashi a rufe.
Na tsaya bakin kwalta, hadari ya haɗo daga gabas.
Ina waiwayawa sai ga Nomau, jaka a hammata,
yana neman abin da zai kai shi tasha
kafin motar ƙarshe ta cika.

Babur ɗaya ya tsaya.
Yaron ya dube mu, ya dubi sama,
ya ce dala ɗari kowanenku.
Jiya sittin na biya.

Muka hau, ni a tsakiya,
takardun zaman cikin rigata don kada su jiƙe,
gwiwar tsohon na sukar cinyata.
Muka faɗa wani rami, ya damƙe kafaɗata,
ya ce a kunnena,
"Yaro, Barira ba ta yi ƙarya ba.
Amma in na koma gida babu ruwa,
da wane baki zan gaishe su?"

Ban amsa ba. Ba aikina ba ne.
Ruwa ya tsuge kafin mu kai tasha.
Na ga ya saki kafaɗata,
ya miƙa tafin hannu waje yana tara,
mu kuwa muna ta gudu.