Ɗigon da Ban Saka Ba

Shekara ashirin da shida ina zanen ɗigo da layi.
Ɗigo mutum ne, layi abin da ke tsakani:
bashi, umarni, gaisuwa, ko gaba.
Da wannan na ci tuwo a Zariya,
da shi na sha sanyi a ƙasar da rana ke rowa,
na dawo da digiri na uku da tari mai wuyar warkewa.

Na auna masaƙa a Bompai kafin ta rufe.
Na auna ofishin da fayil ke wata tara
tsakanin tebur biyu masu kallon juna.
Kwamitin ƙarin girma ya ƙirga takarduna
kamar mai awo yana ƙirga tiya,
ya ce saura uku. Na kawo uku.
Ya ce ɗaya ba ta cika mudu ba.
Furfura dai ba ta jira zaman kowa.

Sai kuɗin bincike ya sauke ni gabas da Auyo:
manoma ɗari da sha ɗaya, magudana guda,
da ƙofar ƙarfe da Haladu ke murɗawa.
Na raba takardun tambaya.
Wa kake nema in ruwa ya yanke?
Duk suka ce shugaba,
don shugaba na kan benci yana jin amsar kowa.

Dare uku janareta na kuka, kwamfuta na niƙa.
Lissafi ya ce ƙungiyar nan ba ta kai kaka:
na wutsiya zai ji ƙishi ya fasa bakin magudana,
na kai ya rama, kacala ta cinye saura.
Na rubuta haka da Turanci mai sulɓi.
Shinkafa ta nuna, aka yi girbi, ba a ko ji tsawa.

Na ƙara shekara.
Na zauna gindin suri ina kallon gara,
gini hawa-hawa, ba magini, ba ɗan kwangila.
Jan-baki dubu su juya lokaci guda, ba mai usur.
Ai na san wannan, shi nake koya wa 'yan aji huɗu.
Ashe sanin allo bai hana ɗimuwa.

Ranar da abin ya fashe ina Dutse neman sa hannu.
Na dawo na tarar da ƙofa a karye,
kan Barau da ɗinki bakwai.
Na ce, Haladu, me ya canza?
Ruwa bai ragu ba, taki bai hau ba.
Ya ce, "Tasalla ce ta tafi Gumel jegon 'yarta."
Wace Tasalla?
"Mai fura mana. Kai da kullum kake sha har da suɗewa."

Ashe ita ke bi daga kai zuwa wutsiya da ƙwarya,
tana dama wa wannan tana cewa,
"Gonar Jatau ta fara tsagewa,
bar masa daren yau, uwarsa na kwance."
Wanda ya yi taurin kai,
gobe ta tuna masa bashin nono a gaban kowa.

Na buɗe zanena. Ɗigo ɗari da sha ɗaya.
Ba ta ciki.
Ba ta da gona, ba ta da katin ƙungiya,
fom ɗina ba shi da gurbin mai fura.
Na ba aradu suna, na ba gajimare lamba,
na manta hanyar da ruwa ke wucewa.

Da ta yi arba'in ta dawo, na tare ta da rikoda,
na ce, Baba, ina so in sa ki a littafi.
Ta kalli ƙwarya, ta kalli takalmina,
ta ce, "Malam, ɗari uku nake binka tun kafin in tafi.
Kawo tukuna.
Kuma in za ka wutsiya, ka ce wa Jatau ya buɗe ruwa."